Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Akwatin da ke ƙarƙashin bencin Kawu

Makon jiya na tsaya a inda Inna ta kama hannuna ta kai ni shagon Kawu, bayan jarrabawa ta kayar da ni karo na biyu. Autarmu ta aiko cewa in yi sauri in kai ga zancen aure. Za a je can. Amma akwatin nan ya tokare mini maƙoshi, sai na fitar da shi tukuna.

A 1984 ne, shekarar da aka canza kuɗi. Shagon na bayan Tsohuwar Kasuwa, ɗaki ɗaya mai rufin kwano, wanda in bazarar Sakkwato ta kankama sai ka rantse dalma za ta narke da kanta. Wata shida ban gyara komai ba. Aikina kwancewa. Duk rikodar da ta gagara, mai ita ya ce ya yafe, Kawu zai turo mini ita da ƙafa ya ce, "Kai yaro, hidda muna abin da ad da sauran rai." Akwai manyan Grundig da Akai masu zare a faifai biyu, irin waɗanda alhazai da tsofaffin ma'aikatan En'e suka saya, akwai kuma ƙananan National da Sanyo masu kaset. Roba ta tsinke, kan karatu ya cinye, amma taransifomar ciki galibi lafiyarta lau. Ita yake so. Duk wadda na ciro sai ya auna ta, ya rubuta lamba a jikinta da jan fenti, ya jefa cikin wani akwatin ƙarfe na aure da Gwaggo ta daina amfani da shi.

"Ido na ƙarya, mita ba ta ƙarya." Maganarsa ke nan, safe da yamma. Inna takan ce ai shi ya sa ya fi kowa mita a gidanmu.

Ga wanda bai sani ba, rikoda ɗaya tana iya ɗauke da taransifoma uku ko huɗu, kuma a ido duk dunƙulen ƙarfe ne da waya. Babbar mai nauyi ta wuta ce, ita ke karɓar wutar gida ta rage ta. Ba ita ce abin nema ba. Ta murya ake nema, wadda ke tsakanin kwalbar bawul, wato kwalbar da ke ƙara wa murya ƙarfi a tsofaffin injuna, da lasifika. In ka ɗora mata mita, gefe guda zai nuna maka om, wato awon yadda waya ke tare wuta, ɗari biyu, ɗari uku, wayarsa siririya kamar gashi. Ɗaya gefen da ƙyar zai kai om ɗaya, wayarsa mai kauri, nan lasifika ke shiga. In ka ga waya uku a gefe guda, kuma ta tsakiya ta raba awon gida biyu kusan daidai, to ta injin da ke aiki da kwalba biyu ce ko tiransista biyu, ɗaya na turawa ɗaya na ja. Kawu har farce yake sa wa ya duba yadda aka jera ƙarafan. Ta wuta ana saƙa su ne, wannan ya shiga ta nan wancan ta can. Ta murya mai kwalba ɗaya kuwa duk gefe guda suke kallo, da 'yar takarda a tsakani.

Ranar da ya koya mini lissafin, ranar na sha wuta. Ya ba gefen lasifika bolt 6, ya ce in karanta ɗaya gefen. Ni kuwa ganin bolt 6 abin wasa ne, na damƙi wayoyin da yatsu. Sai ji na na yi a jikin ƙofa. Bai ko ɗaga kai ba. Ya ce, "Nawa ta hwaɗa ma?" Da na dawo hayyacina na sa mita, 150. Ya ce raba da shida. Ashirin da biyar. Ninka ta da kanta, 625. Ninka da om takwas na lasifika, 5,000, daidai da abin da kwalbar bawul mai lamba EL84 ke buƙata. "To ga ta nan, ta EL84 ta. Da ka tambayi mita da ba ka tambayi ƙohwa ba." Har yau in na riƙe taransifomar da ban sani ba, wannan lissafin nake yi, kuma yatsana na tuna mini.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne, wanmu ya san duk wannan. A gabansa aka yi. Shi ma ya zauna a bencin nan wata uku kafin ya gudu ya koma sayar da atamfa. Kawu ya rasu a 1996, shekarar da aka naɗa Sarkin Musulmi Maccido, ya bar mini mita da akwatin, a gaban Gwaggo, da bakinsa. Shekara goma ina riƙe da shi. A 2006 na tafi Ƙonni wani aiki na sati biyu, lokacin jan ƙarfe ya yi tsada, 'yan gwangwan na bin gida gida da sikeli. Na dawo na tarar da wurin akwatin an share shi tas. An auna shi a kilo, kamar albasa. Kuɗin bai kai na buhun gero ba. Na bi sawu har inda suke tarawa, na tarar sun riga sun farfasa sun cinna wuta don varnish ɗin ya ƙone su zare waya. Na ga jan fentin Kawu a jikin wani ƙarfe da bai gama cinyewa ba. Da na yi wa wanmu magana, shi da ya sayar da akwatin, wai, "Tarkace na, mi za ka yi da su?" Ido na ƙarya. Shi tarkace ya gani.

Na manta ban faɗa ba, akwai guda ɗaya da Kawu ya hana a taɓa da mita, duk da maganar tasa. 'Yar ƙarama ce cikin gwangwani, ta makirfo. Ya ce batirin mita na iya sa wa ƙarfenta maganaɗisu ya ɓata ta. Wannan a aljihun rigarsa take kwana. Akwai kuma wata mai kama da ita da yara ke ruɗewa a kai, wadda ke haɗe da kan goge zare. Ita ba ta murya ba ce, tana aiki ne can sama da inda kunne ke ji, in ka sa ta a layin magana ba abin da za ka samu.

Azumin bara limamin masallacin unguwarmu a Mabera ya kira ni. Suna jona wayar salula da amfilifaya don sa karatu kafin tafsiri, sai wani gurnani ya cika lasifika, musamman in wayar na caji. Yaran zamani biyu sun zo sun ce sai an sayi sabon inji. Na koma gida na buɗe wata tsohuwar National da na saya wurin 'yan jari-bola, na ciro 'yar taransifomar da ke tura tiransista biyun ƙarshe, na auna, na sa ta tsakanin wayar da injin yadda ba ƙarfen da ya haɗa su kai tsaye. Gurnani ya ɗauke ɗif. Muryar ta ɗan rage kauri, ba zan ɓoye ba, don ƙarfenta kaɗan ne, amma ga karatu ta wadatar. A akwatin Kawu akwai irinta sun fi talatin, waɗanda suka fi ta kyau.

Wanmu yana sahu na biyu a daren. Bayan an sallame ya ce, "Ashe dai kana nan da aikin ga naka." Na ce ina nan, Yaya. Inna ta hana ni ƙara tayar da zancen tun tana raye, ban kuwa tayar ba.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, sai zancen rikodar da na gyara wa wata yarinya a Ƙofar Rini, wadda ban karɓi kuɗin aikinta ba.