Harsashin da bai samu ba

Shekara tara ke nan ina koyar da fizik a wata sakandare a Jos, kuma duk sanda muka zo babin abin da aka jefa sama, tashinsa da saukowarsa, sai in ga idanun yara sun yi nauyi. Bara wani ɗan SS2 ne ya farkar da ajin. Ya ce, "Malam, wai da gaske mutum zai iya cilla kwabo sama ya harbe shi da fistol, ko ƙaryar fim ce?"

Na ce ba duka ne ƙarya ba. A shekarun 1930 an yi wani Ba'amurke a jihar Montana, Ed McGivern, wanda ya yi suna wajen harbin abin da aka wurga sama da libarba. Daga nan muka hau allo. Harsashin fistol mai milimita 9 yana fita da gudun kusan mita 350 a sakan, don haka gwangwanin da ke mita 5 a saman kanka, kafin ka ƙifta ido ya cim masa. Yatsa ne mai nawa. Daga ido ya gani zuwa a ja kunama akan ci kamar kashi ɗaya cikin biyar na sakan, kafin nan gwangwanin da ya fara saukowa ya zame da santimita 20. Shi ya sa gwanaye ke dakon ɗan lokacin nan da abin ya ƙure tashinsa, ya tsaya cak kamar mai shawara.

Tantabara mai wucewa ta fi wuya. In tana tazarar mita 30, tana cin mita 15 a sakan, kafin harsashi ya isa ta matsa fiye da mita ɗaya. Sai dai ka yi saiti a inda za ta, ba inda take ba. Ko a gasar Olamfik, masu harbin faifan da na'ura ke cillawa ba fistol suke riƙewa ba, doguwar bindiga ce mai watsa ɗaruruwan ƙwayoyin dalma a harbi guda.

Ran Juma'a muka fita fili da danƙo da gwangwanayen madara, tunda fistol a Najeriya ba abin da kowa ke ajiyewa ba ne, doka ta sa shi cikin makaman da aka haramta sai da lasisi na musamman. Yara suka yi ta ihu. Cikin jifa kusan arba'in sau biyu muka ji ƙwal, ni kuwa ina ta hura hanci, lissafina ya fito.

Maigadinmu, tsohon soja ne, yana zaune kan benci da rediyonsa yana kallo. Da muka gama ya yafito ni. Na je na rusuna, na ce, "Baba, ka ga aikin ilimi?" Ya ce, "Na gani, Malam. Biyu sun samu. Sauran talatin da takwas ɗin fa, ina suka sauka?"

Wallahi ban taɓa lissafa wannan ba. Shekara tara ina zana layin da ke ƙarewa a jikin abin da aka nufa. Da dare na zauna na duba: irin wannan harsashi, in aka karkata bakin bindigar sama, yana iya cin kusan kilomita biyu. Wanda aka harba tsaye ƙiƙam iska tana rage masa ƙarfi kafin ya dawo, amma na karkace yana riƙe juyinsa, tsininsa a gaba, ya sauko da ƙarfin huda kwanon rufi da kan mutumin da ke ƙarƙashinsa. Na tuno masu harbin iska ranar murna, na tuno yadda gidajen Anguwan Rogo suke manne da juna, rufi na gogar rufi. Baba ya ce su a bariki, kafin a koya maka saiti sai an tambaye ka me ke bayan abin da kake nufi. A sama kuwa babu tudun ƙasar da zai tare.

Ran Litinin aka gano inda ɗaya daga cikin talatin da takwas ɗin ya sauka: gilashin tagar ɗakin gwaji. Daga albashina aka cire kuɗinsa.