Babur ko Adaidaita Sahu: Lissafin da Na Yi a Kano

Tun da aka hana acaɓa a Kano a Janairun 2013, adaidaita sahu nake hawa, har aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023, kuɗin hawa ya tashi. A lokacin na sayi babur ƙirar Boxer na hannu, na kuma riƙa rubuta duk abin da na kashe masa.

Abin da littafin ya nuna mini shi ne, yawan sauka da hawa ke cin kuɗi a adaidaita, ba nisan tafiya kaɗai ba. Daga Na'ibawa zuwa Sabon Gari, in kai tsaye ne, bambancin ba shi da yawa. Amma ranar da zan tsaya wuri uku ko huɗu, babur ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, domin a hannuna lita ɗaya tana kai ni kilomita 40 a cikin gari.

Sai dai fetur ba shi ne duka kuɗin ba. Baƙin mai kusan lita ɗaya injin yake ɗauka, nakan juye shi duk kilomita 1,000 saboda ƙura da zafin garin nan. Na taɓa jinkirtawa, injin ya fara ƙara yana hayaƙi, sai da bakanike ya sauya ringi. Sarƙa kuwa, lanƙwasarta kada ta wuce faɗin yatsu biyu; in ta saki sai ta cinye haƙoran da take hawa, ka sayi duka a Ƙofar Ruwa. Da hunturu soson iska yana toshewa da wuri, babur ya riƙa shan mai yana shaƙewa. Wanke soson ba ya cin minti goma, amma mutane da yawa kabireta suke zargi. Ga faci, ga fulogi, ga sabunta takardu, ga kwaɗo mai ƙarfi saboda ɓarayi. Hular kwano kam ba na tayar da babur sai da ita.

Akwai ranakun da nake barinsa a gida. Kantin Kwari wurin ajiya wahala ne, kuma dilar atamfa ba ta zama a baya lafiya. Da damina ramuka suna ɓuya a ƙarƙashin ruwa, birki ya jiƙe ya ƙi kamawa da wuri. In uwargida da yara za su asibiti, shatar adaidaita nake ɗauka, mu daidaita kuɗi da direba tun kafin kowa ya shiga.