Godiya ga duk wanda ya tsaya mana a jinyar Baba

Assalamu alaikum. Jiya Juma'a Baba ya taka da ƙafarsa har masallacin unguwa, ba mai riƙe da shi, kuma a tsaye ya yi sallah. Wata 7 ke nan rabonsa da haka.

Waɗanda suka gan shi ranar da muka ɗauko shi daga Gashuwa zuwa Kano sun san yadda yake: ƙafafu a kumbure, shaƙuwa ba dare ba rana, ƙaiƙayi ya hana shi barci, ko kofin shayi ya ɗaga sai hannu ya kama rawa. Likita ya ce ƙodojin sun gaza, dattin da ya kamata ya fita ta fitsari, su yuriya da kiretinin, ya taru a jini. Jinin ma ya yi ƙasa, ashe ƙoda ce ke zaburar da ɓargo ya samar da shi.

Aka ce sai wankin ƙoda, wato tace jini da na'ura, sau 3 a mako, awa 4 kowane zama. Sau ɗaya muke iya biya, kuma ba sai mun duba takardar gwaji ba, jikinsa ke gaya mana. Kwana 5 ba wanki, amai ya dawo, zuwa bayi ma sai an cicciɓe shi. Da kuka haɗa mana kuɗi aka koma yadda likita ya ce, a hankali ya fara neman tuwo da bakinsa, ya fara zagaya tsakar gida.

Ma'aikatan ɗakin wankin ƙoda, Allah ya saka muku. Ku kuka koya wa Umma auna masa ruwan sha, da raba tukunyarsa da kanwa da yawan gishiri. Dabino da ayaba ma kun hana saboda fotasiyam, har gobe bai yafe muku wannan ba!

Samarin unguwa da suka ba da jini, kawunmu da ya sayar da bijiminsa, maƙwabcin da ke kai mu asibiti da asuba bai taɓa karɓar kuɗin mai ba, Allah ya biya ku. Masu kawo jiƙe-jiƙe, kada ku ji haushi da muka mayar, likita ne ya hana, mun san ƙauna ce.

Wankin bai ƙare ba, Litinin ma muna da layi. Baba ya ce in gaishe ku, kuma ku ci gaba da sa shi a addu'a.