Johnny Sain da karatun juya ƙwallo

A wasan besbol na Amurka, tsakanin mai jifa da inda mai bugu yake tsayawa ƙafa 60 ne da inci 6, wato kusan mita 18 da rabi. Johnny Sain, mai jifa a wannan wasa, ba shi da jifa mai gudun tsiya, don haka ya duƙufa wajen sa ƙwallo ta kauce hanya a cikin wannan 'yar tazara. Da haka ya ci wa kulob ɗin Boston Braves wasa 24 a 1948, ya kuma doke Bob Feller, mai jifar kulob ɗin Cleveland, da ci 1-0 a wasan farko na World Series ɗin shekarar, wato jerin wasannin ƙarshe na cin kofi.

A ganina dai, aikin koci ne ya fi fito da basirarsa. Ya ƙera wani ɗan kayan koyarwa: ƙwallo da aka huda, aka soka mata sanda mai mariƙi. Ɗan wasa zai riƙe mariƙin da hannu ɗaya, ya murza ƙwallon da yatsun ɗayan, ya ga da idonsa ɓangaren da take juyawa. Ya karkata sandar kaɗan, juyin ya canza, haka ma inda jifar za ta lanƙwasa.

Jifa mai lanƙwasa ƙasa tana son yatsan tsakiya ya kwanta a kan ɗinkin ƙwallon, babban yatsa yana ƙasa. Wajen saki, yatsan tsakiya ne zai ja ƙwallon ta gaba zuwa ƙasa. Idan hannu ya shige ƙarƙashinta, ko aka sake ta da wuri, juyin zai yi rauni, ta zo a sama tana lilo, mai bugu kuwa ya samu nama. Sain ya fi koyar da gajeriyar lanƙwasa mai sauri, domin ta fi sauƙin sarrafawa.

Cikin masu jifar da Sain ya koyar, Whitey Ford ya ci wasa 25 a 1961, Jim Kaat 25 a 1966, Denny McLain kuma 31 a 1968.

Duk da haka Sain bai cika daɗewa a kulob ɗaya ba. Ba ya sa 'yan wasansa yawan gudu, jifa ya fi so su riƙa yi, kuma in an samu saɓani da manaja, bayan 'yan wasansa yake bi. Minnesota Twins shekara biyu kacal ya yi musu, Detroit Tigers kuma suka sallame shi a 1969, shekara guda bayan sun ɗauki kofi.