Tabarma, bulo biyu da tambayar Kawu

Asabar, Tudun Wada.

Kawu ya iso da hantsi daga Kwoi, da buhunan citta biyu da ƙura har gira. Bayan la'asar muna zaune a zaure idonsa ya kai kan tsagar katangarmu, sai ya tuno Satumbar 2016, lokacin da ƙasa ta yi ta motsi a Kwoi yana can sarin citta, kwanuka na kaɗawa a ɗaka.

"Kai da ka karanci duwatsu," in ji shi, "me ya sa girgizar ƙasar tamu ta tsaya a ban tsoro, ta Turkiyya da Siriya ta ci rai sama da 50,000?"

Na ce, "Kawu, ɗan tashi daga tabarmar nan." Ya harare ni, amma ya tashi. Na tura bakinta ta gefe biyu, tsakiya ta yi tozo, sashe ya hau kan sashe. Ɓawon ƙasa ya kasu manyan faya-fayan dutse masu motsi a hankali. Haka ta faru a Japan a 2011: faifan ƙasan tekun Pasifik na kutsawa ƙarƙashin ƙasarsu, ya maƙale shekara da shekaru, ranar da ya ƙwace gindin teku ya ɗaga, ruwa ya hau tudu. Inda kuma ake jan ɓawon ƙasa ta gefe biyu, kamar daga Habasha zuwa Kenya, nauyin dutse ke rinjaye, tsakiya ta rufta.

Ta Turkiyya sai da na ɗauko bulo biyu na goga su gefe da gefe. Faifan Larabawa na turowa arewa, na Anatoliya, wanda mafi yawan Turkiyya ke kansa, na sulɓewa yamma kamar ƙwallon dabino a tsakanin yatsu. Ranar 6 ga Fabrairu 2023 tsagar gabashin Anatoliya ta zame, maki 7.8 a ma'aunin girgizar ƙasa. Ƙasa ba ta karyewa yadda ta ga dama. Ta inda matsi ya fi ƙarfi da inda ya fi rauni, su ke yanke mata hanya.

Mu kuwa a tsakiyar faifan Afirka muke, nesa da bakin da ake gogayya. Muna da tsofaffin tsagu irin ta Ifewara zuwa Zungeru, sai dai matsin a hankali yake taruwa.

"To katangar taku fa, wane faifai ne ya tura ta?"

Wannan magini ne ya yi mana rowar siminti, na faɗa masa. Ya yi dariya har da tari, ya ce in mayar masa da tabarmarsa, an kusa kiran magariba.