Abin da na gano da na jera CEMAC da ECOWAS gefe da gefe

Dattawan layinmu na masu kayan masarufi a kasuwar Kusiri, garin Kamaru da ke kan iyaka da Cadi, ne suka ɗora mini aikin. Da labari ya zo cewa Nijar da Mali da Burkina Faso sun kammala ficewa daga ECOWAS a watan Janairun 2025, sai aka ce tunda ni na yi boko, in bincika in bayyana wa jama'a wace ƙungiya muke ciki, kuma me take tsinana mana.

Na sami babbar takarda na ja layuka uku: kuɗi, zirga-zirga, tsaro.

Layin kuɗi bai ba ni wahala ba. Kamaru da Cadi na cikin CEMAC, ƙungiyar tattalin arziki da kuɗi ta ƙasashen tsakiyar Afirka, tare da Gabon, Kongo Brazabil, Afirka ta Tsakiya da Ikwatoriyal Gini, kuma a N'Djamena aka sa hannu kan yarjejeniyar a 1994. Sefa ɗaya muke kashewa, babban bankin yana Yawunde, shi ya sa mai albasa zai haye gadar Ngueli zuwa N'Djamena ya sayar ya dawo ba tare da ya tsaya wurin ɗan canji ba. ECOWAS, da aka kafa a Legas a 1975, har yau ba ta da kuɗin bai ɗaya.

A zirga-zirga kuwa ƙasashen ECOWAS sun yi mana nisa. Tun 1979 suka amince ɗan ƙasa ya shiga maƙwabciya ya yi kwana 90 babu biza. Mu sai a ƙarshen 2017 dukkan ƙasashe shida suka yarda da haka. Wannan ya yi mini ciwo, domin ko yanzu direban da ya ɗauko kaya daga Ngaundere zai faɗa maka yawan shingayen jandarma da na duwan (kwastan) da yake tsayawa kafin ya iso.

Ina cikin wannan bayani a rumfa sai wani dattijo mai sayar da atamfa ya ɗaga hannu. "Ɗana, Gabon ɗin nan ban taɓa zuwa ba. Kayana daga Kano suke fitowa, ta Maiduguri da Gambaru zuwa Fotokol. Wace ƙungiya ce ta haɗa mu da su?" Na ce, "Baba, ga ta a layi na uku."

Ita ce Hukumar Tafkin Cadi, wadda Kamaru, Cadi, Nijar da Najeriya suka kafa a 1964, lokacin ana kiran N'Djamena da Fort-Lamy. Don ruwa da kifi da noma aka yi ta, amma da Boko Haram ta addabi yankin, ƙarƙashinta aka farfaɗo da rundunar haɗin gwiwa a 2015, da sansanoni a Mora, Baga-Sola, Monguno da Diffa. A ganina ita ta fi taɓa rayuwarmu, domin shekarun da hanyar Gambaru ta mutu kowa ya ga yadda farashi ya haura, rumfuna suka rufe. Nijar ta janye daga rundunar a Maris 2025, kuma wannan ya fi tayar mini da hankali a kan ficewarta daga ECOWAS.

Daga nan na fahimci dalilin da ya sa Cadi ba ta riƙe igiya ɗaya. Ba ta da teku, kayanta ta tashar jiragen ruwa ta Duwala suke shigowa, man fetur ɗinta kuma ta bututun Doba zuwa Kribi yake fita tun 2003, don haka dole ta riƙe Kamaru. Tsaronta na yamma yana buƙatar Najeriya, wadda ba ta cikin CEMAC. Cadi ta shiga G5 Sahel, ƙawancen tsaro da ci gaba na ƙasashen Sahel biyar, a 2014 saboda hamada, ƙungiyar ta watse bayan ficewar Mali, sannan Nijar da Burkina.

Dattawan sun ce in mayar da takardar da Faransanci. Za mu kai wa wakilanmu ƙorafi kan shingayen hanyar Marwa, da yarjejeniyar 2017 a hannunmu.