Gasasshiyar makaroni a tukunyar yashi

Ranar Talata ce na fi dawowa gida a makare daga wurin aiki, kuma a irin wannan rana tuƙa tuwo da kaɗa miya kafin sallar isha'i yakan gagare ni, shi ya sa na fara gasa makaroni da miyar nama a kwano guda, abincin da za a haɗa a ɗora a wuta sannan a juya ga wani aikin. Ba ni da tandar zamani, don haka na ɗauki dabarar da mata da yawa a nan Damagaram suke gasa kek da ita, wato a shimfiɗa yashi mai tsabta a gindin babbar tukunya, a ajiye kwanon a kansa, a rufe, a zuba garwashi a kan murfin.

Mu shida ne a gidan, kuma rabin kilo na makaroni yana isar mu, tare da niƙaƙƙen nama giram 300, albasar Galmi biyu, tumatir biyar, tafarnuwa, cokali biyu na garin tattasan Diffa, ƙwai uku, kofi ɗaya na madara da cuku. Busassun kayan nakan saye su tun ranar Alhamis a kasuwar Dole, naman kuwa sai a ranar girkin.

Gwajin farko bai yi kyau ba. Na dafa makaronin har ta yi laushi kamar wadda za a ci nan take, sannan na gasa ta rabin awa, sai ta caɓe a tsakiya, ta ƙone a ƙasa, saman kuma ya tsaya fari. Cukun da na yayyanka a kai bai narke ba, domin cukunmu busasshe ne da aka shanya a rana, wuta ba ta ƙara masa komai sai tauri. Surukata ta duba kwanon ta ce, "Ɗiyata, wutar ƙasa ta yi yawa, kwashe rabinta ki mayar sama." Na ce, "To, Inna," kuma ita ce ta ƙara da cewa in daka cukun a turmi ya zama gari kafin in barbaɗa.

Abin da na fi daɗewa ban gane ba shi ne cewa makaroni ba ta gama dahuwa a ruwa, a cikin miya take ƙarasawa. Yanzu ina sauke ta saura minti uku a kan lokacin da aka rubuta a jikin ledar, lokacin da idan aka ciza ana jin ɗan tauri a tsakiya. Miyar ma ina barin ta da ruwa-ruwa fiye da yadda zan yi ta don shinkafa, saboda makaronin za ta shanye mafi yawansa yayin gashi. Ruwan da na tace ba na zubarwa. Ina ɗibar kofi ɗaya in zuba a miyar, domin sitacin da ke cikinsa yana sa ta kama jikin makaronin, kuma wanda ya san yadda ake sayen ruwa a jarka a garin nan ba ya zubar da shi da sauƙi.

Bayan na gauraya makaroni da miya a kwanon da na shafa wa man gyaɗa, nakan bar su su ɗan huce kafin in kwarara ƙwai da madarar da na kaɗa, in ba haka ba ƙwan yakan dunƙule tun bai ratsa ko'ina ba. Yashin yana bukatar minti goma ya yi zafi tukuna, gashin kuma minti 25 zuwa 30, har saman ya yi ja kuma wuƙar da aka soka a tsakiya ta fito babu ɗanyen ƙwai. Mai tandar gas ko ta lantarki sai ta sa zafin digiri 180 na Celsius.

Idan na sauke, ina barin kwanon a buɗe minti goma don a iya yanka shi ba tare da ya watse ba, daidai lokacin da maigida da yara maza suke dawowa daga masallaci. A lokacin hunturu abin da ya rage nakan ɗumama wa yara da safe kafin su tafi makaranta, amma a zafin Afrilu da Mayu ba na yarda abincin da ke da nama da ƙwai ya kwana, sai in rage makaronin zuwa giram 400 domin a cinye a daren.